Ƙullutu a Bayan Kunne

Turai na tsaka da yi wa maƙwabciyarta Ammatullahi kitso a gindin dalbejiyar tsakar gida, sai yatsanta ya ci karo da wani ƙullutu a bayan kunne, mai tauri kamar ƙwallon dabino. Ta tsaya cak.

"Ci gaba da kitsonki, Turai. Na san da shi tun kafin azumi."

Shekara goma sha tara ke nan Ammatullahi na fama da ciwon gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Yatsunta sun karkace har mataji ya gagare ta. Likitanta ya sha gaya mata cewa mai wannan ciwo ya fi sauran mutane kusa da sankarar kaluluwa, duk kumburin da ta gani kada ta zauna da shi. Ta gani, ta ɓoye. 'Yarta Siddiƙa na ɗauke da tsohon ciki bayan ɓari biyu, uwar ba ta so hankalinta ya tashi. Ta roƙi Turai ta rufa mata asiri har a haihu.

Kwana uku Turai na juya maganar. A na huɗu ta tari Habib, babban ɗan Ammatullahi, zai tafi Kasuwar Shanu, ta faɗa masa. A asibiti aka auna ƙullutun, aka ce ciwon ya riga ya bazu. Mako biyu in Turai ta shiga, sallama kawai Ammatullahi ke amsawa, ta juya fuska bango.

Sannan ta aika a kira Turai. Turai ta same ta kwance a baranda, Siddiƙa na gefenta, ta ɗora karkataccen hannun uwar a kan cikinta.

"Ya Amma, ki yafe mini."

"Da kin yi shiru, da yarinyar nan ba ta dawo ta zauna da ni haka ba. Zauna."

Daga nan kullum da hantsi sai ta lumshe ido ta shiga labarin ƙuruciyarta, kafin mahaifinta ya sayar da garke su zauna a unguwar Gwange. Ga ta a bayan bijimi suna ƙetare ruwa kusa da Tafkin Chadi, ƙafarta na jan ganyen bado, balbelu na tashi gabansu. Hausar kan zame mata ta koma Larabcin Shuwa. Turai ba ta jin yaren, amma sai ta ji kamar barandar ma tana tafiya bisa ruwa.

Ranar wata Talata ana tsakiyar labarin Ammatullahi ta yi shiru, Siddiƙa na jiran ƙarashen.

Ranar sadakar uku aka yi yayyafi. Turai ta fita ta tattara takalman mata masu gaisuwa ƙarƙashin rumfa. Da la'asar kowacce ta saka nata ta tafi, saura ƙafa ɗaya a bakin ƙofa: silifa shuɗi, an tsaga madaurinsa da reza don yatsu masu kumburi su samu wuri. Ruwa ya ɗan taru a gurbin diddigen.