Bindigar Ciki

Sulabha na ƙoƙarin ɗura masa ruwa da cokali, sai tsohon ya cafke mata wuyan hannu. Ruwan ya zube a matashi.

"Wa ke tsaron ƙasa?" in ji shi.

Shekara ashirin suna maƙwabtaka a wannan bene na birnin Pune a Indiya, ƙofa na kallon ƙofa, ba ta taɓa ganin Kaka Pereira a firgice haka ba. Ta aika mijinta kiran likita tun hantsi, ga shi rana ta take bai dawo ba. Ɗan tsohon kuwa yana cikin jirgin ƙasa daga Bombay.

Ta gane abin da yake tambaya, don ya sha ba ta labarin. A yaƙin Bama shi ne maharbin wutsiyar jirgin bama-bamai, yana zaune a ɗan akurkin gilashi, bayansa ga abokansa. Akwai bindiga a hanci, akwai a gadon baya, akwai a ciki, wato ƙasan jirgin. Rannan manya suka sa aka cire ta cikin, wai jirgi ya yi sauƙi mai ya kai su Rangun. Ta ƙasan kuwa jirgin Japan ya ɓullo musu. Yana kallonsa ƙuru-ƙuru, ya danna bindigoginsa ƙasa har suka tokare, ba su kai ba. Mutum huɗu suka mutu a bayansa, bai ko iya waiwayawa ba.

Yanzu ƙirjinsa na kurari, yana ta yunƙurin leƙa ƙarƙashin gado, saura ƙiris ya faɗo. Ta ce masa yaƙi ya ƙare tuntuni, gida yake. Ya ƙara matse hannun har ta ji zafi.

"Sun cire ta, 'yar nan. Ba kowa a ƙasa."

Sulabha ta dubi ƙofa. Ba motsi a matakala. Sai ta tattare zaninta, ta zauna daɓas a siminti, kanta daidai ƙafar gado.

"Sun mayar da ita, Kaka. Ga ni a ƙasa. Kai dai ka kula da baya."

"Kina ganin wani abu?"

"Fayau. Gajimare kawai."

Ya mai da kallonsa taga. A hankali yatsunsa suka saki.

Da likita ya iso yana haki, nan ya same ta zaune a ƙasa, ba ta janye hannun ba. Can a ɗakinta tukunyar shinkafa mai tururi na ta yin fito a kan wuta, ba wanda ya tashi ya sauke.