Tagar da Yaya Ya Rufe

Sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafinmu, ba a ofis take ba. Tana can wani gari mai nisa, a ɗakin wani kamfani da muke haya, ban taɓa ganinta da idona ba. Abin da nake gani kullum baƙin allo ne da ɗan farin layi yana ƙifta mini ido, in rubuta umarni, ta amsa. A cikinta lambobin duk masu ba da jini na ƙungiyarmu suke, da ɗan shirin da na rubuta da hannuna. Asibiti zai buɗe shafinmu ya faɗi rukunin jinin da ake nema, saƙo ya fita zuwa wayar duk mai irinsa. In sabar ta yi shiru, babu wanda zai san ana nemansa.

Yayana shi ne ɗalibina. Tun da ya ajiye tuƙi ya maƙale mini a ofis, wai sai na koya masa. Da yatsu biyu yake rubutu, yana danna kowane harafi kamar zai cije shi, gilashinsa a kan karan hanci. Ina tsokanarsa in ce, "Yaya, ba birki ba ne, sassauta." Ba ya dariya sosai. Matarsa ta rasu ne wurin haihuwa, jini ya ɓalle aka rasa irin nata, shi ya sa ba na korarsa ko ya ɓata mini lokaci.

Doka ɗaya na dasa masa a ka, har na gaji da faɗa: duk tagar allo da aka shiga sabar ta cikinta da cikakken iko, wadda umarni ɗaya a cikinta zai iya share komai, ba a barinta a buɗe a tashi. Ko fitsari za ka, rubuta exit ka rufe ta tukuna. Yaya mutum ne mai riƙe doka. Shekarunsa na tuƙi bai taɓa barin makulli a jikin mota ba.

Ranar da nake ba ku labari, katangar tsaro nake gyarawa, wato abin da ke tantance wanda zai shiga sabar da wanda za a mayar. Wasu 'yan iska sun dame mu da gwada kalmar sirri. Mu masu wannan aiki muna da wata al'ada tamu: in za ka taɓa katanga daga nesa, sai ka fara ɗaura igiya. Igiyar umarni ce da kake ajiyewa, ka ce wa sabar in rabin awa ta cika ba ka soke ba, ta mayar da komai yadda yake. Na ɗaura. Sannan na rubuta sabuwar ƙa'idar, na danna Enta, na buɗe wata taga don in gwada shiga.

Ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na duba abin da na rubuta. Na ce a rufe duk ƙofofi, amma layin da zai bar tamu da ta asibitoci a buɗe bai shiga ba. Tsohuwar tagata kaɗai ta rage da rai, don tana ciki tun kafin a rufe. Ban firgita sosai ba, layi biyu ne in gyara.

Sai wayata ta yi ƙara. Sistar ɗakin haihuwa ce ta asibitin da ke bayan kasuwa, wadda ba ta kira sai da dalili. Ofishinmu kuwa sabis ba ya kamawa sosai sai a bakin matakala. Na miƙe na ce, "Yaya, ina zuwa."

"Shafinku ya ƙi buɗewa," in ji Sista, ko gaisuwa babu. "Ina da mace ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. O negetif ce. Ledar jini ɗaya gare mu, ga ta nan muna ƙara mata."

"Yanzun nan, Sista. Kafin ki ajiye wayar saƙo ya fita."

Na dawo da gudu. Na tarar da Yaya zaune a kujerata, ya naɗe hannu, fuskarsa ɗauke da murmushin ɗalibin da ya kama malaminsa da laifi.

"Auta, yau ke ce kika karya doka. Kin tashi kin bar ta a buɗe. Na rufe miki."

Na dubi kwamfutar. Allon fes, babu komai sai tagar gwajin da ke cewa an ƙi ni.

"Ka rufe me?"

"Mai cikakken ikon. Na rubuta exit, kamar yadda kika..."

"Innalillahi! Yaya, ka kashe ni! Ita kaɗai ce hanyarmu ta shiga! Wa ya aike ka? Wa ya ce ka taɓa?"

Na faɗa masa komai da ihu, har da matar, har da rukunin jininta. Ina kallo murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya cire gilashin ya riƙe a hannu.

Na ture shi na zauna. Na gwada shiga, an ƙi. Na kira kamfanin da sabar take wurinsu, wata murya mai daɗi ta ce in saurari kiɗa, kirana yana da muhimmanci. Muhimmancin banza! Na bar kiɗan yana yi a wayar ofis, na fita bakin matakala na shiga lalube a tawa. Mutum biyu na sani da ka masu irin jinin. Ɗaya ya ce ya yi tafiya, ya yi nisa da gari. Ɗayar wayarta a kashe.

Saura igiya. To amma ga abin da ke cin raina: sabar sabuwa ce, ban taɓa ganin igiyar ta ja a kanta ba. In ɗan shirin da ke lura da agogo ba ya aiki a can, umarnin zai zauna ne kawai har abada, kuma ba ni da hanyar dubawa daga waje. Na koma na danna maɓallin kibiyar sama, umarnin shiga da na rubuta ɗazu ya dawo, na danna Enta. An ƙi. Kibiya, Enta. Gumi ya jiƙa mini mayafi, fankar sama tana ta juyawa a banza.

Sista ta sake kira. Na ɗauka daga bakin matakala ina leƙen allo ta ƙofa.

"Ledar ta kusa ƙarewa. Ina mutanenku?"

"Suna zuwa," na ce, ƙarya tsagwaronta.

Da na koma ne na lura kujerar Yaya babu kowa. Gilashinsa na kan tebur. Na ji haushi ya sake taso mini, na ce a raina, ya ɓata ya gudu. Ba ni da lokacin nemansa.

Kibiya, Enta. Kibiya, Enta. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma ban kai ƙarshensu ba. Agogon bango ya wuce inda nake tsammani, babu abin da ya canja. Na ce shi ke nan, igiyar ba ta ɗauru ba. Na kifa kaina a tebur, yatsana dai bai daina dannawa ba.

Da na ɗago, allon yana tambayata kalmar sirri. Igiyar ta ja.

Sai da na rubuta ta sau biyu kafin na shiga. Ban bi ta shafi ba, daga baƙin allon na kira shirin kai tsaye, na ba shi rukunin jinin da sunan asibitin. Layuka suka fara gangarowa, an aika, an aika, an aika. Ban taɓa ganin rubutu mai kyau irin wannan ba.

Na kulle ofis na tari mai babur zuwa asibitin. Kafin mu kai, Sista ta kira ta ce mutum biyu sun iso, an fara ɗiban na farko, matar tana numfashi.

"Amma ki zo ki ɗauki wani dattijo," ta ce. "Tun ɗazu ya shigo yana haki, ya nannaɗe hannun riga wai a ɗebi nasa. Mun gwada, bai dace ba. Na ce ya tafi gida, ya ƙi."

A bakin get na same shi, cikin rana, hannun rigar har yanzu a nannaɗe, da auduga manne a gwiwar hannunsa. Yana tare duk mai wucewa, mai talla, mai kai abinci, har da wani ɗan sanda, yana cewa, "Don Allah bawan Allah, ka san rukunin jininka?"

Na riƙe masa hannu. "Yaya, an samu. Saƙo ya fita, mutane sun zo."

Ya dube ni da idanun nan da ba sa gani sosai in babu gilashi.

"Tana da rai?"

"Tana da rai."

Sai ya zauna a kan dakalin get ɗin, ya rufe fuska da tafin hannu. Ranar da aka binne matarsa ban ga hawayensa ba. Na zauna kusa da shi, na ciro gilashin daga jakata na riƙe masa har ya gama.