Tiren Gidan Hajara

Duk lungun Baba Muntari, a unguwar Dar Salam ta bayan Umdurman, babu matar da azumi ke wahalarwa kamar Istir, ga shi kuma ita kaɗai ce ba ta yin sa. Kirista ce, 'yar ƙabilar Nuba, amma a yankin Jazira aka haife ta, inda iyayenta suka yi aikin auduga cikin Hausawa, don haka Hausa a bakinta sai dai ta koya wa wani. Da zarar watan Ramadan ya kama, harshenta ya zama na gayya. Tun daga la'asar za ka ga ludayi yana leƙowa ta saman katanga, ana cewa, "Istir, ɗanɗana min gishiri." Ta ɗanɗana na gabas, ta ɗanɗana na yamma, ta ce wa wannan ta ƙara, ta ce wa waccan, "Ke, miya kika yi ko jiƙon kanwa?" Kafin a kira magariba ta ƙoshi da miyar mutane, tata tukunyar kuwa tana can tana kamawa.

Ba gishiri kaɗai take gyarawa ba. Mace ce da ba ta iya ganin mutum ya yi tagumi ta wuce shi. Tana wanki tana ba wata haƙuri ta kan katanga, tana tsefe kan 'yarta tana yi wa wata addu'a cikin sunan Yesu, matan kuma su ce amin, tunda dai alheri ake roƙa musu. Mijinta Yuhanna, wanda magini ne, yakan ce da baki yana gina gida, da tuni matarsa ta yi musu bene.

A wannan shekarar, azumi ya kusa ƙarewa aka wayi gari da wata ƙara daga wajen Khartum, ƙarar da tsofaffi ma suka ce ba su san irinta ba. Hayaƙi ya tsaya a gabas bai gushe ba. Wuta ta ɗauke, mai jakin da ke kawo ruwa ya koma zuwa sai ya ga dama. Masu 'yan'uwa a ƙauye suka ɗaure kaya, lungun ya rage sai mata da tsofaffi. A safiyar da abin ya fara ne Zubairu, mijin Hajara, wadda katanga ɗaya ce tsakaninta da Istir, ya haye gada zuwa rumfarsa ta takalma a Khartum. Tun daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Akwai wani labari kuma da ke bin gida-gida a hankali. An ce masu bindiga suna yawo a buɗaɗɗun motoci suna tare maza, musamman 'yan Nuba, don a ganinsu kowane Banube soja ne. Sai su janye wa mutum riga su duba kafaɗa, in suka ga fatar ta yi kanta, su ce igiyar bindiga ce ta yi ta. Kafaɗar Yuhanna kuwa tun yana saurayi take ɗaukar tubali, kantarta kamar tafin ƙafa. Istir ta ji tsoro ƙwarai. Ta sa shi a ɗaki tare da 'yan matansu biyu, Rahil da Najwa, ta ce ko ƙofa kada ya leƙa. Ya bi umarni yana gunaguni, yana gyaran ƙafar gadon da ba ta karye ba.

To, a ƙasar nan namiji ba ya buɗe baki a cikin gida. In rana ta yi ja, sai a shimfiɗa tabarmi a bakin hanya, kowane gida ya fito da tirensa, a jera. Duk wanda ya zo wucewa, sananne ne ko baƙo, a ƙafa yake ko a mota, tare shi ake yi, a rantse masa sai ya sauka ya ci. Baba Muntari ne uban wannan tabarma. Idonsa ya yi rauni, sai dai inuwa-inuwa yake gani, amma kunnensa na jin injin mota tun daga kwana. Tunda aka fara harbe-harbe bai fasa shimfiɗa ba ko sau ɗaya, sai dai tirukan ne suka yi ta raguwa. Na gidan Hajara bai sake fitowa ba.

Ran nan da hantsi Istir ta leƙa ta saman katanga, ta ga murhun Hajara a sanyaye, toka ta kwana a ciki, ƙudaje sun rufe kwanukan jiya. Hajara tana zaune a gindin randa da waya a hannu, ƙaramar 'yarta Basma tana kuka ba mai ce mata komai. Istir ta taka bokiti ta haura.

"Uwar Basma, haka za ki zauna? Tashi, ya ukhti, 'yar'uwata. Gidan da ba a hura wuta ba, baƙin ciki ne ke kwana a cikinsa."

"Me zan dafa, Istir? Wa zan dafa wa?"

"Ki dafa wa mai wucewa. Abu Basma, mijinki, yana can wani lungu a Khartum, wallahi ina ji a jikina, wata mata ta fitar da tirenta an tare shi ya ci. Ke kuma sai ki hana mijin wata? Ubangiji ba ya manta gidan da ya ciyar da baƙo. Tashi ki wanke fuska."

Da haka da haka ta tashe ta. Suka kwaso garin dawa da busasshiyar kuɓewa suka koma tsakar gidan Istir, inda sauran gawayi yake. Istir tana tuƙa asida, wato tuwon nan mai ɗan tsami, tana waƙar coci ƙasa-ƙasa, Hajara tana kaɗa miya. Aka jiƙa hilu-mur, jan abin shan da ba a buɗe baki sai da shi. Har Hajara ta yi dariya sau ɗaya, lokacin da Istir ta ɗanɗana miyar ta ce hawayen da suka zuba a ciki sun wadatar, kada a ƙara gishiri.

Da aka gama jera tire, Hajara ta tsaya tana kallonsa, fuskarta ta sake faɗuwa.

"To, wa zai fitar? Mace ba ta zama a tabarma. Baba Muntari ba ya gani, balle ya ɗauka. Malesh, yi haƙuri, Istir, mun yi wahalar banza."

Abin da baki ya ɗaure, hannu ba ya kwancewa. Istir ta yini tana gaya wa maƙwabciyarta kada ta ji tsoro, ga shi ita ta kulle nata mijin a ɗaki kamar kazar da ake jin shaho. Ta san Hajara ta lura da hakan, kunya ce kawai ta hana ta faɗa.

Yuhanna ya ji komai. Ya fito yana ɓalla maɓallin riga har wuya.

"Uwar Rahil, ni zan kai. Zubairu ya sha zaunar da ni a tabarmar nan, yau in zauna masa."

"Ka ajiye ka dawo," in ji Istir. Muryarta ta yi ƙasa.

"Haba. A ajiye tire a juya baya, kamar an kai wa kare? Zan zauna har a sha ruwa. Ba ke kika ce Ubangiji ba ya manta gidan da ya ciyar da baƙo ba?"

Ita ta ce. Ta ɗora masa tiren da hannunta, ta buɗe masa ƙofar langalanga, ta mayar ta rufe, ta manna ido a wata 'yar huda da tsatsa ta ci. Tabarmar tana daidai ƙofarta. Baba Muntari da Abdu mai shago ne kawai a kai, sai Yuhanna ya zama na uku. Rana ta yi ja. Lungun ya yi tsit, har tana jin ƙarar cokali a jikin kofi. Istir ta fara addu'a, ba ta roƙi komai ba sai a kira salla da wuri.

Baba Muntari ne ya fara ji. Ya karkata kai, ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Mota. Ga baƙi nan."

"Baba, zauna," in ji Abdu. "Baba, don Allah bari ta wuce."

"A bar mai azumi ya wuce ta ƙofata da magariba? Ba a yi haka ina raye ba."

Da ma motar wucewa za ta yi ta bakin lungu, ba ta ko rage gudu ba. Tsohon ya taka har tsakiyar hanya, ya warware rawaninsa yana kaɗawa kamar yadda ya saba tun ƙuruciya, yana ɗaga murya, "Tafaddalu, ku zo ku ci! Na rantse sai kun sauka!" Motar ta ja birki, ta yi baya, ta shigo lungun a hankali. A bayanta akwai wata doguwar bindiga a kafe. Mutum huɗu suka diro, fuskokinsu naɗe da ƙyalle, ƙura ta yi musu fari.

Suka yi sallama kamar mutanen kirki, suka zauna, kowa da bindigarsa a cinya. Aka kira salla daga nesa. Suka sha hilu-mur, suka sa hannu a kwano ɗaya da Yuhanna. Babbansu, wani siriri mai sanyin murya, har tura masa nama yake yi gabansa. Istir ta ji Hajara ta kama gefen mayafinta. Ta juya ta yi wa Rahil da Najwa nuni su shige ɗaki su rufe.

Da an tsaya a nan, da an rabu lafiya. Amma bayan an sha ruwa salla ake yi a kan tabarmar. Baba Muntari ya shiga gaba, Abdu da baƙin suka yi sahu. Istir ta ga mijinta ya tsaya jim, yana kallon gurbin da aka bar masa a ƙarshen sahun. A zuciyarta ta yi ta kiransa ya shiga, ya sunkuya in sun sunkuya, Allah ya san abin da ke ransa. Ita da kanta ta roƙi haka, kuma ba ta ji kunya ba. Yuhanna ya ja da baya kamar yadda yake yi kowace shekara, ya zauna a gefe, ya shiga tattara kwanuka.

Suna sallamewa siririn ya juyo.

"Kai, ya zol, bawan Allah, ba ka salla?"

"Ni Kirista ne."

"Daga ina?"

"Daga duwatsun Nuba."

Mutumin ya sa bakin bindiga ya ɗaga wuyan rigar, maɓallan suka zube a tabarma. Ya daɗe yana kallon kafaɗar. Yuhanna ya ce tubali ne, ya nuna tafin hannuwansa. Ba wanda ya kalli hannun.

"Wanne ne gidanka? Su wa ke ciki?"

Yuhanna bai ko waiga wajen ƙofarsa ba.

"Ba ni da gida a nan. Daga unguwar Umbadda nake, wucewa na zo yi, tsohon nan ya tare ni kamar yadda ya tare ku."

"Haka ne, Hajji?"

Sai a lokacin Baba Muntari ya gane irin baƙin da ya saukar. Tsohon da bai gama shafa addu'a ba ya ce, "Baƙo ne. Ni na tare shi."

Aka ce wa Yuhanna ya hau mota, 'yan tambayoyi ne za a yi masa. Ya hau da kansa, ya zauna ya ba lungun baya. Siririn kuwa ya sunkuya ya ɗauki tiren, don an koya masa ladabi a gidansu, ya kawo shi ƙofar da ta fi kusa, ya ƙwanƙwasa. Istir ta buɗe kaɗan, ta tare sauran da jikinta. A bayanta tana jin numfashin Hajara, can ciki kuma ɗaya daga cikin 'yan matan ta yi tari ta danne.

"Allah ya yi wa hannunki albarka, Hajja. Rabon da mu ci irin wannan tun muna gida." Ya miƙa mata tiren, idonsa yana leƙa tsakar gidan ta saman kafaɗarta. Sannan ya nuna motar da haɓa. "Wancan mutumin, kin san shi?"

Istir ta dubi ƙeyar mijinta, da yagaggiyar rigar da ita ta wanke masa da safe. Ta san in ta ce nata ne, ba sakin sa za su yi ba, shigowa za su yi. Ta riƙe tiren da ƙarfi don kada kwanukan su yi ƙara.

"Ban san shi ba," in ji ta. "Yau na fara ganinsa."