Alfadarar Frosini

Tun shigowar bazara, kullum da hantsi sai sojojin mamaya su ratsa ƙauyenmu, rukuni shida, kowanne da alfadara ɗauke da akwatunan harsashi. A shagon gahawar Lambros aka yi ittifaƙi sun kai ɗari uku.

Tsohuwa Frosini ta dire kwandon zaitun. "Ɗari uku a gidan wa? Hamsin ne. Ta bayan coci suke zagayawa su dawo. Alfadarar da suka ƙwace mini ce ke wucewa sau shida, kuma duk zagaye sai ta tsaya a ƙofata."

Stavros maƙeri ya miƙe. "Ashe fanko ne! A aika wa mayaƙanmu na kan dutse yau ɗin nan."

"Zauna, sarkin gaggawa," in ji Lambros. "Gara hamsin masu zagaye da ɗari uku na gaske. Ranar da kwamandansu ya san mun gano shi, ranar zai nemi ƙarin sojoji. Kowa ya ci gaba da nuna tsoro." Ya dubi tsohuwar. "Inna, tsayuwar dabbar nan fa za ta tona mana asiri. In suka lura da ita, za su san mun gane."

Frosini ta ɗauki kwandonta ta fita.

Washegari na hango ta a bakin ƙofarta da sanda. Alfadarar ta tsaya, ta miƙo mata hanci kamar kullum. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa dukanta ba. Ran nan ta yi, har sau biyar.

A zagaye na shida alfadarar ta wuce, ko waiwaye ba ta yi ba.