Zakaran Alhaji Abdulbaqi

Lawan ya take fikafikan zakaran da ƙafarsa, ya fuskanci gabas, amma hannunsa ya ƙi bin wuƙar. Shekara ashirin shi ke yi wa gidan nan yanka bayan aikin lambu, bai taɓa jin haka ba sai yau, ranar sadakar ukun maigidansa, Alhaji Abdulbaqi.

Badaruddeen, babban ɗan marigayin, shi ya ba da umarnin. Masu gaisuwa sun cika rumfa har bakin titi, nama ya gaza, ga kaji a bayan gida. Shi kuwa a wajensa kaza kaza ce. Lawan ya yi ta nuna masa cewa fararen can na gidan gona, waɗanda ake sayowa a kwali, su ne na tukunya. Masu gashi har ƙafa kuwa, daga wajen wani mai kiwon kajin ado Alhaji ya samo kakanninsu, ya shekara bakwai yana zaɓe, yana fitar da duk wadda jelarta ta karkace ko launinta ya dushe. Wannan zakaran ma, bayan la'asar Alhaji kan sa kujera ya zauna don kallon takunsa kawai.

"Baba Lawan, wa zai ci gaba da wannan ɗawainiyar?" in ji Badaruddeen, idanunsa jawur. "Fararen ba su kai ba. A yanke manyan duka."

Lawan ya yi bisimilla ya yanka, zakara ɗaya, kaji huɗu. Abin ya ci masa rai ƙwarai, sai dai ya rarrashi kansa da ƙwai shida na kajin adon da Alhaji ya ware cikin kwando a sito, kowanne ya rubuta masa kwanan wata da fensir. Kajin gidan gona ba su san kwanci ba, amma shi Lawan, matarsa Uwani tana da kazar Hausa mai kwanci a gidansu na unguwar Badawa. Irin dai ba zai ƙare ba.

Ya wanke hannu ya nufi sito, ya tarar da kwandon wayam. A ƙofar kicin Mairo mai girki tana yayyanka dafaffen ƙwai a kan salak ɗin manyan baƙi.

"Na sito na ɗauko," in ji ta. "Manya ne masu kyau."

Lawan ya tsuguna gaban robar shara yana tona ɓawo, har ya sami guntun da ke ɗauke da rubutun Alhaji na jajibirin rasuwarsa. Ya goge shi da gefen riga, ya sa a aljihu, ya koma figar zakaran.