Takarda Mai Wutsiyar Kifi

Tun suna gida a Tórshavn, babban birnin tsibiran Faro, Oluffa ta ce wa mijinta Hanus ya biya banki ya canza kuɗinsu zuwa na Danmak, ya ƙi. A ganinsa kurona, wato kuɗin tsibiran Faro, da ta Danmak abu ɗaya ne, tun da ya yi wayo bai taɓa jin ɗaya ta ɗara ɗaya ba, canzawa ma raina kai ne.

Ga su yanzu a shagon burodi a Kopenhagen, za su gaida iyayen saurayin 'yarsu karon farko, kuma Hanus ya rantse ba zai shiga gidan surukai hannu rabbana ba. Ya zaɓi kek mafi girma, ya miƙa kuɗin tsibiri masu hoton wutsiyar kifi.

Yarinyar shagon ta jujjuya su. "Baba, wannan kuɗin wace ƙasa ne?"

"Masarautarmu ɗaya, 'yata. Darajarsu ɗaya da naku."

"Na yarda, amma sai dai a banki. Ga shi yau Asabar."

Layi ya fara tsawo a bayansu. Oluffa ta ce, "Maigida, yi mata wa'azin nan da kake mana a gida mana, ƙila ta tuba."

Sai da ta bari ya ɗan yi gumi, sannan ta zaro na Danmak da ta canza a ɓoye, ta biya.

A waje, yana rungume da kek, ya ce, "Nawa suka rage miki wajen canjin?"

"Ko ƙwandala."

"To, ba na faɗa ba?"

"Ka faɗa, maigida. Kula da kek ɗin, kana karkata shi."