Kekena a Hannun Doris

Ranar Talata na fara lura. Na shiga kekena na golf, 'yar ƙaramar motar nan mai batir, zan tafi kanti, sai na tarar an ja kujerar ta yi baya, madubin kuma yana kallon sama. Ni gajera ce, ba na taɓa kujerar nan. Bayan kwana biyu na tsinci ledar alewa a aljihun gaban keken, ni da likita ya raba ni da zaƙi shekara shida.

A unguwarmu ta 'yan fansho a nan Florida, wanda ba shi da keke ba shi da ƙafa. Asibiti, coci, filin rawar yamma, duk da shi ake zuwa. Ɗana Russell ya riga ya karɓe motata bara, ya kuma ce in ya sake jin wani shirme zai kwashe ni ya kai ni gidan kula da tsofaffi kusa da shi a Ohio. Shi ya sa na ja bakina na yi shiru, na zuba ido da kaina.

Zargina ya sauka kan maƙwabciyata Doris. Duk lokacin da na dawo tana bakin ƙofa, wai tana ba furanni ruwa, amma idonta na kan kekena. Da ruwa na kashe furanni, da tuni nata sun mutu.

Ranar Juma'a da safe na laɓe bayan labule. Sai ga ta tana sanɗa. Ta zura makulli, ta ja keken da baya, ta yi gaba abinta. Raina ya ɓaci. Minti goma ta dawo, ta tarar da ni tsaye na riƙe ƙugu.

"Sannu da aiki, ɓarauniya," na ce. "An sha iska?"

"Haba Glenda, rage murya."

"Ba zan rage ba! Ba ki da naki ne?"

Ta sauko a hankali saboda gwiwarta. "Wanda na fita da shi na Harold ne, na layin baya. Jiya a bakin kanti nasa kika hau kika taho. Shi kuma ya hau naki ya tafi gida. Musanyowa na je yi."

"Ƙarya kike. Makullina ne ya tashe shi."

"Ke ma kin sani kamfani ɗaya ne, makullin kowa na tashin na kowa. Kuma duk farare ne."

Na sauke hannu daga ƙugu. Na ce, "To, sau ɗaya ai kowa na iya yi."

Ta sunkuyar da kai. "Wannan ne na biyar, ƙawata."

"Wa da wa suka sani?"

"Duk layin. Mun yi magana babu mai gaya wa Russell."

Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya. Ban yi mata godiya ba, ta wuce gida tana ɗingishi. Na zagaya keken da ta kawo sau uku, na duba gaba na duba baya. Shekara tara ina hawansa, amma da za a ce in rantse nawa ne, ba zan iya ba.